Tseren Mota Biyu Gefe Da Gefe A Filin Robobi: Yadda Za Ka Shiga Ba Tare Da Ka Kashe Motarka Ba

Tun da na fara ba da labarin tseren otokuros, tambayoyi biyu ne suka hana ni sakat: ta ina ake farawa, kuma shin abin ba ya lalata mota? Yana ci mata, babu ɓoye-ɓoye, amma ba ta inda mutane suke zato ba. Masu tambaya gudu suke tsoro, alhali gudun da ake yi a filin bai cika wuce kilomita 100 a awa ba, kuma yawancin zagayen a giya ta biyu ake gama shi. Abin da ke cin mota shi ne fizgar farko daga tsaye, da zafin da ke taruwa a jikinta, da kuma zuciyar direban da ya hango wata mota a gefensa ya rantse ba za ta riga shi ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba: fili ne mai faɗi na kwalta ko kankare, kamar babban wurin ajiye motoci ko tsohon titin saukar jirgi, a jera robobin nan masu tsini su zana hanya mai kwane-kwane. A otokuros da aka saba, kai da agogo ne kawai. A na gefe da gefe kuwa hanya biyu ake zanawa, ta dama da ta hagu, kamar mutum da hotonsa a madubi, motoci biyu su tashi tare idan fitila ta ba da izini. Kowa da hanyarsa, ba a gogayya. Wanda ya fi shahara shi ne ProSolo na SCCA, ƙungiyar masu tseren mota a Amurka, kuma ƙa'idojin da zan ambata yawanci nata ne, don haka ka karanta na ƙungiyar da za ka shiga. A Turai idan aka ce otokuros, tsere ne a kan turɓaya da motoci da yawa a lokaci guda. Ba shi nake nufi ba.

1. Zaɓi mota, ka san abin da ka ɗauka

Kusan kowace ƙaramar mota mai lafiya tana iya shiga. Za ka ga Mazda MX-5 ta cika filin, da Honda Civic, da Subaru BRZ, saboda ba su da nauyi kuma kayansu ba sa wahalar samu. Motar da ba a yarda da ita ba ita ce doguwa mai ƙunci, irin jif mai tsayi ko a-kori-kura, domin tana iya kifewa a kwana.

Gargaɗi tun kafin ka biya ko sisi: inshorar mota ta yau da kullum yawanci ba ta biyan ɓarnar da ta faru a wurin da ake auna gudu da agogo. Haka ma garantin kamfani, yana iya faɗuwa idan aka gano a tsere abu ya karye, kuma kwamfutar wasu motocin zamani tana riƙe bayanin iyakar juyawar da inji ya taɓa yi. Ka karanta takardunka. Idan motar nan ita kaɗai ce ke kai ka wurin aiki, kuma ba ka da halin gyaran kuloci gobe da safe, to ka fara da otokuros na mutum ɗaya, inda ba a lissafa saurin tashi. Na gefe da gefe ya jira.

2. Rajista da aji

Wannan ba shi da wahala. Ka yi rajista, ka nuna lasin, ka sa hannu a takardar cewa ka san akwai haɗari. Ana raba motoci aji-aji gwargwadon irinsu da sauye-sauyen da aka yi musu. Kuskuren sababbin shiga shi ne su yi wa mota kwaskwarima tun ba su taɓa zuwa ba: wani ƙarfe guda da ka sauya yana iya jefa ka ajin motocin da aka kashe wa dukiya. Ka zo da ita yadda take.

3. Duba mota mako guda kafin ranar

Mako guda na ce, ba daren jajibiri ba, domin idan ka gano matsala ka sami lokacin gyara.

Fara da baƙin mai. Ya kai alamar sama ta sandar awo cif, kada ya wuce. Dalili shi ne a doguwar kwana man yana gangarawa gefe guda na kaskon inji, idan ya yi ƙasa sai famfo ya zuƙo iska. Daƙiƙa biyu ko uku na ƙarancin mai ba za ka ji su a ranar ba, sai bayan watanni inji ya fara ƙwanƙwasa. Wannan ita ce ɓarnar da ba ta da ƙara kuma ta fi kowace tsada.

Sai man birki. Yana shan danshin iska a hankali, kuma yana sha ƙarfinsa na jure zafi yana raguwa. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Salsiyos, amma wanda ya sha danshi yana iya sauka wajen 155. Idan naka ya haura shekara biyu, ko ya yi duhu, a zubar a sa sabo a fitar da iska. Hattara: DOT 5 wani abu ne daban, na silikon ne, ba a haɗa shi da DOT 3 ko DOT 4. Mai kama da shi a suna, DOT 5.1, shi ne yake haɗuwa da su. Lainin birki kuma ya kasance da sauran aƙalla rabinsa.

Ɗaga motar da jak, ka tokare ta da kyau, ka kama kowace taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan dama da hagu. Duk wani kwaf-kwaf da ka ji, boris ne ko boljoyin ko tayirod, kuma abin da ke motsi kaɗan a titi, a filin nan ƙarasa shi za a yi. Leƙa robar da ta rufe gaɓar shaf. Idan ta yage kana ganin girisi ya fantsama a cikin wili, kada ka je sai an sauya.

Kujerar inji, wato abin da ke riƙe inji a jikin mota, ita ce mutane ke mantawa da ita. Ka buɗe bonet, wani ya zauna ciki ya taka birki sosai, ya sa giya ya ɗan taɓa totur, kai kana kallo daga gefe, ba daga gaba ba. Idan injin ya yi zumbur ya ɗago, kujerar ta mutu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kanta a wurin tashi.

Ragowar: ruwan lagireto, tiyo da ba su kumbura ba, batir a ɗaure tamau da ƙarfensa, ba da igiya ba, man sitiyari idan motar mai amfani da shi ce, kuma babu abin da ke ɗiga a ƙasa. In ka ga abin da ba ka gamsu da shi ba, ka haƙura da wannan makon. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4. Taya

Nan kuɗin yake tafiya, don haka bari mu daɗe.

Tayar titi ta yau da kullum gefenta yana da laushi. Idan ka shiga kwana da ƙarfi sai ta kwanta, motar ta koma tafiya a kan kafaɗarta maimakon fuskarta. Yini ɗaya ya isa ya cinye kafaɗar waje ta tayoyin gaba, har ka ga roba tana ɓantarewa gutsure-gutsure, alhali tsakiyar tana nan kamar sabuwa. Maganin farko iska ce. Ka ƙara a kan abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kamar fam huɗu zuwa shida a ma'aunin psi don farawa, amma kada ka wuce iyakar da aka rubuta a jikin tayar.

Yadda za ka san ka dace ba da zato ba ne, da alli ne. Ka ja layi uku ko huɗu a kowace taya, daga fuskarta ya gangaro kafaɗa zuwa gefe. Bayan zagaye ɗaya ka duba inda allin ya goge. Idan ya goge har ya gangara gefe, taya tana kwanciya, ƙara iska. Idan bai ma kai ƙarshen zanen fuskar ba, iska ta yi yawa, rage kaɗan. Inda ake so shi ne ya tsaya daidai ƙarshen zanen. Wasu tayoyin suna da ɗan ƙaramin alama mai kusurwa uku a kafaɗa, ita ce iyakarka. Ka tuna iska tana hauhawa idan taya ta yi zafi, saboda haka ka auna da zarar ka fito daga kowane zagaye, da geji guda, kada ka yi ta aron na mutane domin kowane da nasa ƙaryar.

Wani abu da ba kowa ke son ji ba: idan ka gyara iska amma tayar gaba tana ci gaba da ihu tana cinyewa, ba laifinta ba ne, kai ne kake shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinta, kana ƙara murɗa sitiyari kana jiran mu'ujiza. Na ga mutum biyu sun yi amfani da mota guda a taro guda, ɗaya ya fito taya tana da ɗumi kawai, ɗayan ya fito tana wari, kuma na farkon ne ya fi sauri.

Bayan taro biyu ko uku za ka fara jin ana maganar taya mai lamba 200. Lambar awon saurin cinyewa ce da ake bugawa a gefen taya, kuma 200 ita ce mafi ƙanƙanta da SCCA ta yarda da ita a ajin motocin titi. Tana kama ƙasa kamar ƙaska, tana jure zafi, kafaɗarta ba ta ɓantarewa da wuri. Amma ka san abu biyu. Na ɗaya, tana saurin ƙarewa, kuma ko zane bai ƙare ba, yawan zafi da hucewa yana busar da robar ta daina kamawa. Na biyu, kuma shi ne ba a faɗa wa sabon shiga: duk ƙarin kamun da taya ta yi, wani abu ne a cikin motar yake biya. Ƙarfin da a da yake tafiya a sulɓin taya, yanzu boris da shaf da kuloci ne suke ɗauka, kuma man inji ya fi gangarewa gefe. Shawarata ita ce ka ƙare kakar farko da tayar titi. Tana yin ƙara kafin ta saki, wato tana koya maka.

Kada ka sayi tsohuwar taya don araha ba tare da ka duba shekarunta ba. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT su ne mako da shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar da zare ko waya ta leƙo kuwa, masu duba mota ma ba za su bar ka ka shiga ba.

5. Safiyar ranar

Ka zo da wuri, da gejin iska, famfo, alli, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, galan ɗin baƙin mai na ƙari, abin feshin ruwa irin na lambu, tef na rubuta lamba a jikin mota, ruwan sha mai yawa, da rufaffen takalmi. Hular kwano sai mai hatimin da ƙungiyar ta amince da shi, yawanci Snell na shekarun baya-bayan nan. Ƙungiyoyi da yawa suna ba sababbi aro.

Kwashe komai daga cikin motar da but: jak, safaya idan ba a ɗaure take ba, kwalabe, caja, har abin da ke rataye a madubi. Shimfiɗar ƙafa ta direba dole ta fita, domin tana iya zamewa ta danne totur ko ta shiga ƙarƙashin birki. Cire murfin wili. Ɗaure kowane noti na taya da sifanar awo gwargwadon adadin da littafin motar ya faɗa, taya tana sanyi. Kada ka hau sifana da ƙafa, noti mai ɗaurin wuce kima shi ma karya ƙusa yake yi.

Man fetur kada ya gaza rabin tanki a karon farko. Wasu suna rage shi don sauƙin nauyi, sai a tsakiyar kwana inji ya yi tari domin man ya gudu daga bakin famfo.

6. Taka hanyar da ƙafa

Ba a ba da zagayen gwaji da mota. Da ƙafa za ka koyi hanyar, kuma a nan hanya biyu ce, duka sai ka taka su. Kada ka ce ai ɗaya hoton ɗaya ce. A takarda haka ne, amma ƙasa ba ta san madubi ba: wannan gefen yana da faci, wancan yana da ɗan gangare ko yashi. Sannan kai a gefe guda na motar kake zaune, robar da ke kusa da kai a hanyar dama tana nesa da idonka a ta hagu.

Ka yi tafiyar kai kaɗai aƙalla sau ɗaya, ba hira. Cikin robobin da suka cika filin, kaɗan ne suke da muhimmanci, su ne waɗanda za ka wuce dab da su. Robar da aka kwantar tana nuni ne, tsininta yana gaya maka gefen da za ka bi. Idan ka iya rufe ido ka bi hanyar a ranka daga farko zuwa ƙarshe, ka shirya.

Ka kuma san za ka yi aiki. A wannan wasa kowane direba yana da lokacin da zai tsaya a fili yana mayar da robobin da wasu suka ture. A tsaye ake yi, ba waya, kuma ba a juya wa mota mai zuwa baya.

7. Layin tashi

Ga inda na gefe da gefe ya bambanta, ga kuma inda motoci ke mutuwa.

Za ka matso a hankali har fitilar da ke nuna ka daidaita a kan layi ta kama. Idan ku biyu kun shirya, fitilu masu ruwan ɗorawa za su sauko ɗaya bayan ɗaya, sannan kore. Jinkirin da ka yi kafin ka motsa yana cikin lokacinka. Idan ka riga lokaci, ja ce za ta kama, zagayen ya tafi a banza. Ƙwararru ba sa jiran kore, suna sakin mota ne da kamawar ruwan ɗorawa ta ƙarshe, domin kafin ƙafa ta amsa, mota ta motsa, kore ta riga ta zo. Kai dai a ranar farko ka ɗan makara ya fi maka ka ga ja.

Hanya biyu ake cutar da mota mai kuloci a nan. Ta farko, a ɗaga inji sama a zame ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. Duk ƙarfin ya faɗa wa giyabos da shaf da kujerar inji kamar guduma. Ta biyu, a ɗaga inji a yi ta riƙe kuloci a rabi. Wannan ba ya karya komai nan take, ƙona farantin yake yi, kuma warinsa ba ya ɓuya, har na bayanka sai ya ji. Abin da ake so yana tsakani: inji ya ɗan fi na tashin yau da kullum, a motar da ba ta da ƙarfi sosai ka fara gwada wajen juyi 2,500 a minti, ka saki kuloci da sauri amma ƙafarka tana tare da shi har ƙarshe, kana ƙara totur yayin da yake kamawa. Ɗan cit ɗin taya sau ɗaya ba laifi. Hayaƙi kuwa asara ce biyu, ta roba da ta lokaci.

Babban abokin gaba shi ne tsallen taya. Taya ta kama, ta saki, ta kama, ta saki, mota ta ɗauki gaf-gaf-gaf kamar ana dukan ƙasanta. Matacciyar kujerar inji da tsofaffin bushi da shokozoba da suka gaji su ne suke ƙara shi. Da ka ji shi, ɗaga ƙafa daga totur nan take, ka sake takawa a hankali.

Ni ban ɗaga ba. A tarona na uku ne, da wata ƙaramar mota mai jan gaba. Wanda aka haɗa mu ya riga ni tashi sau biyu a jere, abin ya tsaya mini a rai. Karo na uku na kai inji wajen 5,000 na zame ƙafa. Sitiyari ya kama rawa a hannuna, na ji gaf-gaf ɗin sarai, amma ina hango hancin motarsa ta wutsiyar ido sai na ƙara dannawa. Sai ƙau! guda ɗaya, kamar an karya busasshen itace. Inji yana ta kuka, giya tana ciki, mota ko gezau. Shaf na hagu ya tsinke a gaɓar waje, baƙin girisi ya yi wa cikin wili fenti. Ma'aikatan fili huɗu ne suka tura ni gefe, kowa yana kallo. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya durƙusa ya leƙa, ya miƙe yana goge hannu ya ce, "Ƙanena, da ka ji tana buga ƙafa, ai sai ka ɗaga taka." Kuɗin motar da ta ja ni gida ya kusa kai kuɗin shaf ɗin.

Abin takaicin shi ne lissafin ma bai goyi bayana ba. Bambancin tashi mai zafi da tashi mai tsabta bai cika wuce kaso ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa ba. Roba guda da ka ture kuwa daƙiƙa biyu ake ƙara maka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mota mai jan ƙafa huɗu ta fi shiga haɗari a nan, domin tayoyinta ba sa sulɓi su rage wa ƙarfe nauyi, kuloci da giyabos ne suke shanye komai. Mai otomatik kuma ya taka birki da ƙafar hagu, ya ɗan ɗaga inji daƙiƙa biyu ko uku kacal kafin tashi, domin riƙewa da yawa yana dafa man giya. Kada ka taɓa ɗaga inji a firi sannan ka jefa giya. Idan motarka tana da na'urar tashi ta kamfani, karanta abin da littafinta ya ce game da yawan amfani da ita a jere.

8. Cikin hanya

Da ka bar layi, ka manta da ɗayar motar. Ba za ta taɓa ka ba, kallonta kuma ba ya rage mata gudu. Duk lokacin da ka waiga, ka makara a robar gaba, sai ka rama da birki mai ƙarfi da murɗa mai ƙarfi, taya ta biya.

Shiga giya ta biyu da wuri ka zauna a cikinta. Komawa ta ɗaya a matsattsiyar kwana tana cin haƙoran daidaita giya, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Idan inji ya kai iyakarsa yana ta-ta-ta na ɗan lokaci kafin kwana, bar shi, an yi shi ne don haka. Abin tsoro shi ne kuskuren giya, ka nufi ta uku hannu ya kai ta ɗaya, domin a nan tayoyi ne suke juya injin da ƙarfi fiye da iyakarsa kuma babu na'urar da za ta hana.

Ka gama birki mota tana miƙe, ka shiga kwana da ɗan sauƙi, ka fito da ƙarfi. A jerin robobin da ake bi kamar tafiyar maciji, fara murɗa sitiyari da wuri kuma ka riƙe gudu guda. Idan gaba ya ƙi kwana yana zarcewa, sassauta totur ka ɗan warware sitiyari. Idan baya ya kwace maka gaba ɗaya, taka birki da kuloci tare ka tsaya, kada ka yi ta kokawa. Sauri ya haifi nawa, kuma a filin nan agogo ne yake tabbatar da shi.

Roba idan ta faɗi ko ta fita daga zanen da aka yi mata, an ci ka tara. Idan tana tsaye kuma tana taɓa zanen, ka tsira. Idan ka tsallake ƙofa gaba ɗaya, wato robobin da ake bi ta tsakaninsu, zagayen bai shiga lissafi ba. Jan tuta kuwa tsayawa ce nan take.

9. Tsakanin zagaye da zagaye

A tsarin ProSolo kana gama hanyar dama za ka koma layi don ta hagu, hutun ba shi da yawa, kuma mafi kyawun lokacinka na dama da na hagu ake haɗawa. Shi ya sa zafi ya fi taruwa a nan fiye da otokuros da aka saba.

Idan ka samu tsayawa, kada ka ja birkin hannu, kada kuma ka danne na ƙafa. Laini mai zafi idan ya manne wa faifai wuri guda yana barin tabo, daga baya ka ji birki yana karkarwa. Ka nemi wuri mai lebur, ka tare taya da ɗan katako. Buɗe bonet. Mai turbo ya bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe. Auna iska, duba alli, taɓa fuskar taya da tafin hannu: idan ba ka iya barin hannun a kai, fesa mata ruwa, amma kada ruwan ya taɓa faifan birki mai zafi. Murfin lagireto kuwa ko kusa, kada ka buɗe shi da zafi.

Idan birki ya yi laushi yana nutsewa, ko fitilar mai ta ƙifta a kwana, ko warin kuloci bai tafi ba, ka tsaya. Ka duba mai idan inji ya ɗan huta. Motoci da yawa da ba sa shan mai a titi suna sha a nan.

10. Bayan an tashi, da lissafin kuɗi

Kafin ka hau titi ka mayar da iskar taya yadda take bayan ta huce, ka sake bin notuna da sifanar awo, ka leƙa ƙarƙashi ko wata roba ta maƙale kusa da salansa. Baƙin tabon da robobi ke bari a bamba yawanci yana fita da man goge fenti.

A kwana biyun da ke biye, kashe rediyo ka saurari motar. Ƙas-ƙas idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali, gaɓar shaf ce. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, mai sauyawa idan ka karkata dama ko hagu, boris ne. Dum idan ka taka ko ka saki totur, kujerar inji ce. Ka sa babbar giya a ƙaramin gudu ka danna totur: idan inji ya hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya fara sulɓi. Sitiyari da ya karkace yana neman a daidaita ƙafafu.

Ta fannin kuɗi, na shiga taro shi ne ƙarami. Taya ce kan gaba da nisa, sai lainin birki da man birki, sai baƙin mai da za ka riƙa sauyawa da wuri fiye da yadda ka saba. Kuloci ba kullum ba ne, amma idan ya zo yana da ciwo, domin sai an sauke giyabos, kuɗin aiki yakan kai na kayan ko ya fi. Ka riƙa juya tayoyi gaba da baya bayan kowane taro, idan girmansu ɗaya ne, kana lura da kibiyar da ke nuna inda mai zanen gefe guda take juyawa. Idan ajinka ya yarda, a ɗan karkato saman tayoyin gaba ciki wajen daidaita ƙafa, yana rage cin kafaɗa sosai.

Ka sami ɗan littafi a ajiye. Kowane taro ka rubuta yawan zagaye, yawan tashi daga layi, iskar da ka fara da ita da wadda ka ƙare da ita, da man da ka ƙara. Ranar da tayoyin suka ƙare, raba kuɗinsu da yawan zagayen da suka yi, ka ga nawa kowane zagaye na ƙasa da minti ɗaya yake ci maka. Shafin tashi daga layi kuma shi za ka nuna wa makanike idan ya tambaye ka yaushe rabon da a sauya kujerar inji.